Yadda Jika Ta Kayar da Tsohon Ɗan Dambe: Fashin Baƙi Kan Gem ɗin da Ake Yi da Jiki

Washegarin Babbar Sallah muka taru a gidan yayana da ke Agege. Mata na tsakar gida suna suyar nama, yara kuma sun cika falo da ihu, domin babban ɗan gidan ya samo wata tsohuwar na'urar gem mai suna Wii kwancen Turai ya jona ta a talabijin. Dambe suke yi da juna. Baffanmu yana kan darduma yana kallonsu yana murmushi. Mutum ne da ya ƙare ƙarfinsa yana fawa a mayankar Oko-Oba, kuma a zamanin samartaka ya ɗaura zare a hannu ya shiga fage ba sau ɗaya ba. Da yaran suka dame shi, sai ya miƙe, ya ajiye hula, aka danƙa masa rimot a dama da ɗan ƙaramin abin riƙo a hagu. Wadda aka haɗa shi da ita jikarsa ce, 'yar shekara 9.

Baffa ya gyara tsayuwa irin ta fage, garkuwa a gaba, mashi a baya, yana laluben kafa. Ita kuwa ko sauka ba ta yi daga hannun kujera ba, karkaɗa hannuwa kawai take yi kamar mai burga miyar kuka. Kafin Baffa ya saki naushi na uku, ɗan mutum-mutuminsa na cikin talabijin ya kai ƙasa.

"Ke Amarya, wane boka ne ya ba ki wannan?"

"Maigida, ƙarfi ne ya ƙare, ka haƙura kawai," in ji ta.

Ƙarfi bai ƙare ba, har yau ba zan so hannun nan ya sauka a kaina ba. Abin da ya faru shi ne na'urar ba ta ga Baffa ba sam. Ba ta ga tsayuwarsa ba, ba ta ga kafaɗarsa ba, ba ta san nauyin jikin da ke bayan naushin ba. Wasu 'yan lambobi ne ke isa gare ta daga abin da ke hannunsa, da su take cankar abin da mai wasa ya yi niyya. Duk tarihin irin waɗannan wasanni, in aka taƙaita, kokawa ce ta rage wannan canke, kuma duk lokacin da aka rage shi sai a ɗora wa ɗakin da ake wasan wani sabon sharaɗi.

Tunanin ba sabo ba ne. Tun a 1986 kamfanin Bandai na Japan ya fitar da wata tabarma mai maɓallai da ake gudu a kanta, a 2003 kuma Sony ya kawo kyamarar EyeToy don PlayStation 2. Amma sai a Nuwamban 2006 abin ya zama ruwan dare, lokacin da Nintendo ya fito da Wii. Kamfanin, wanda ya faro a birnin Kyoto a 1889 da buga katin karta, yana cikin matsi a lokacin. Na'urarsa ta baya, GameCube, ta tsaya a wajen miliyan 22, alhali PlayStation 2 ta haura miliyan 150. Shugaban kamfanin, Satoru Iwata, ya ga cewa in aka ci gaba da tseren kyan hoto da ƙarfin inji da Sony da Microsoft, ba za a kai labari ba. Sai ya juya wajen mutanen da ba su taɓa riƙe hannun gem ba: iyaye, kakanni, matan gida. Abin da ke korar irin waɗannan kuwa sananne ne. Miƙa wa dattijo hannun PlayStation ka ce masa alwatika ce ke kaza, da'ira ke kaza, sandar hagu ta tafiya ce, ta dama ta kallo, za ka ga ya mayar maka da kayanka. Amma ba wanda sai an koya masa yadda ake wurga dutse. Saboda haka aka ƙera abin riƙon da siffar rimot ɗin talabijin, abin da kowa ya saba ɗauka, aka sayar da na'urar dala 250 a Amurka lokacin da PlayStation 3 ke kan dala 500 zuwa 600, aka kuma cusa faifan Wii Sports kyauta a cikin kwali a yawancin ƙasashe ban da Japan. Wasanni biyar ne a ciki: tanis, besbol, golf, dambe, da wasan nan na mirgina ƙwallo mai nauyi don ta zubar da kwalabe goma. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu: Wii ta haura miliyan 101, faifan kuma ya wuce miliyan 82.

Fasinjan da aka ɗaure wa ido

Abin da ke cikin rimot ɗin Wii na farko ɗan ƙanƙanin ma'auni ne da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, mu kira shi ma'aunin fizga. A cikinsa akwai ɗan nauyi da ke reto a kan wasu siraran madogarai da ido ba ya gani. In aka fizgi rimot, nauyin yakan ɗan yi baya, na'ura ta auna iya gocewar da ya yi ta fuskoki uku: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. Irinsa ne ke cikin wayarka, shi ke juya hoto in ka kwantar da ita. Da yake ƙasa kullum tana jan nauyin zuwa gare ta, ma'aunin yana kuma iya gane ko an karkata rimot ko an miƙe shi.

Ka ɗauka an ɗaure maka ido an saka ka a danfo daga Oshodi. Za ka ji lokacin da direba ya taka wuta, za ka ji birki, za ka ji an sha kwana. Amma in motar tana tafiya a daidai ba ƙari ba ragi, ba abin da jikinka zai gaya maka, kuma ba ka san inda kake ba. Kana iya yin lissafi a zuci, ka ce mun yi gudu kaza na minti kaza, yanzu muna Mangoro. Kuskure kaɗan a farko zai yi ta haihuwa, har lokacin da kake rantsuwa kuna Dopemu, ashe an wuce Iyana Ipaja. Halin da rimot ɗin yake ciki ke nan. Ya san an fizge shi, ya san ƙarfin fizgar, bai san inda yake a cikin ɗaki ba. In ma aka juya shi a kwance, kamar yadda hannun agogon da aka ajiye a tebur ke zagawa, ba ya ji ko kaɗan, domin jan ƙasa bai canja a kansa ba.

Masu tsara Wii Sports sun san wannan rauni, sai suka gina wasannin a kan ɓoye shi, kuma a ganina nan gwanintarsu take. Duba tanis. Ba kai ke gudu zuwa wajen ƙwallo ba, ɗan mutum-mutumin ne ke kai kansa. Abin da aka bar maka kawai shi ne lokacin da za ka kai duka: in ka yi sauri ƙwallo ta nufi wani gefe, in ka yi jinkiri ta nufi ɗayan. Mutum yana tsalle yana zufa yana jin shi ne ke yin komai, alhali tambaya ɗaya ake yi masa, yaushe? Sai kuma ɗan lasifikar da ke jikin rimot ta ba da ƙarar "fau" a cikin tafin hannunka, rimot ya ɗan yi rawa, ƙwaƙwalwa ta cike sauran. Wasan kwalaben shi ya fi dacewa da ma'aunin, domin motsi ɗaya ne, hannu ya yi baya ya dawo gaba, ga kuma maɓallin da kake saki wanda ke sanar da na'ura daidai lokacin da ƙwallo ta bar hannu. Shi ya sa ya fi shiga ran tsofaffi, har gidajen kula da su a Amurka suka riƙa shirya gasa a kansa.

Dambe kuwa shi ne ya fi tona asirin na'urar. Tana jiran ta ji fizga ta haura wani mizani ne, sai ta ce an yi naushi. Ɗan gajeren karkaɗi daga wuyan hannu yana haura mizanin nan take, kuma ana iya maimaita shi sau da yawa kafin a ƙifta ido. Naushin Baffa daga ƙugu yake tasowa, ya bi ta kafaɗa, yana tafe da nauyin mutum guda, kuma nauyin nan ne ke kayar da ƙato a fage. Rimot ba shi da abin auna shi. Ƙari a kan haka, wasan damben Turawa ne, yana sa ran hannu biyu suna tsaye a gaban fuska. Da Baffa ya ja mashi baya ya miƙa garkuwa, sai na'urar ta fassara cewa ya buɗe fuska ne. Yarinyar ba ta san ko ɗaya daga cikin wannan bayani ba, amma yara ba sa ɗaukar lokaci kafin su gano abin da inji ke so. Manya ne ke dagewa sai sun yi wasan na gaskiya, kuma su ne suka yi ta wurgi da rimot yana fasa gilashin talabijin, har a Disamban 2006 Nintendo ya sanar da musanya igiyoyin hannu kusan miliyan 3.2 da masu kauri.

Akwai wata siririyar sanda da ake ɗorawa a kan talabijin, wadda mutane ke zaton ita ke kallonsu. Ba ta kallon kowa. Fitilu ne kawai a gefunanta biyu masu ba da hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani, kyamarar kuwa tana bakin rimot. Rimot ne ke hango ɗigo biyun ya gane inda ka nuna a fuskar talabijin. Shi ya sa in sandar ta lalace, kyandir biyu da aka kunna aka raba tsakaninsu suna yin aikinta, shi ya sa kuma hasken rana da ke shigowa ta taga yake rikita ta.

A 2009 Nintendo ya ƙara wani ɗan abu da ake maƙalawa a gindin rimot, MotionPlus, mai ɗauke da ma'aunin juyi. Wannan yana jin ko wace irin murɗawa aka yi wa hannu, da saurinta. Da shi aka fitar da Wii Sports Resort mai wasanni 12, ciki har da takobi, harbin baka da ƙwallon tebur. Yanzu in ka karkata hannu, abin dukan da ke cikin talabijin ma zai karkata daidai da kai. Sai dai ciwon fasinjan danfo bai warke ba, kuskure yana taruwa, don haka lokaci-lokaci wasan ke cewa ka kife rimot a kan tebur ya nutsu ya sake gano ina ne sama.

Da kyamara ta shigo

Ganin kuɗin da Nintendo ya kwasa, sauran biyun suka shigo a 2010. Sony ya kawo PlayStation Move a watan Satumba, sanda mai ƙwallo a kai da ke haske da launi. Kyamara a kan talabijin tana bin ƙwallon: matsayinta a hoto shi ke nuna hagu, dama, sama da ƙasa, girmanta kuma shi ke nuna nisa, in ta ƙanƙance ka ja baya, in ta girma ka matso. A nan an kwance wa fasinja ido ke nan. Ƙwallon teburin da ke cikin Sports Champions, faifan da ya zo da sandar, shi ne wanda na ga ɗan Legas na gaske ya yarda da shi. Ba ƙaramin abu ba ne, domin garin nan garin ƙwallon tebur ne. Da wuya ka ratsa unguwa ba ka ga teburi a bakin titi yara sun kewaye shi ba, nan Funke Oshonaike ta taso har ta je gasar Olamfik sau bakwai, kuma a zauren Molade Okoya-Thomas da ke filin Teslim Balogun a Surulere ake karɓar manyan 'yan wasan duniya. Wanda ya saba yanka ƙwallo ta yi juyi ba ka ruɗinsa da karkaɗa hannu.

Microsoft ya wuce nan a watan Nuwamba da Kinect, kyamarar da ake jona wa na'urar gem ɗinsa Xbox 360, ya ce ba sai ka riƙe komai ba. Na'urar tana watsa dubban ɗigogin infirared a cikin ɗaki bisa wani tsari da ta haddace, wata kyamara kuma tana duba yadda ɗigogin suka goce in sun faɗa a kan abu na kusa ko na nesa. Da haka take zana taswirar zurfin ɗakin sau 30 a daƙiƙa. Fasahar ta wani kamfanin Isra'ila ce, PrimeSense. Masu binciken Microsoft a Kambirij ta Ingila kuma suka horar da manhaja da ɗimbin hotunan jikin mutum a tsayuwa iri-iri, har ta iya cewa wannan ɗigo gwiwa ce, wancan kafaɗa, ta haɗa ƙwarangwal mai gaɓoɓi 20. Kinect Sports, wanda kamfanin Rare na Ingila ya yi, ya zo da ƙwallon ƙafa, dambe, guje-guje da tsalle-tsalle, ƙwallon tebur, ƙwallon raga da wasan kwalabe. An sayar da Kinect miliyan 8 a kwana 60 na farko, abin da ya shigar da ita kundin Guinness.

Ita ma canke take yi, sai dai daga siffa. In ka juya gefe hannu ɗaya ya ɓuya a bayan jiki, sai ta ƙirƙira masa wuri. In ka sa babbar riga, ko mace ta tsaya da zani da dogon hijabi, ƙafafu da hannuwa sun zama dunƙule guda, sai ka ga ɗan mutum-mutumin yana harɗe ƙafa kamar mai farfaɗiya. Manhajar ta koyi jikin mutum ne da gaɓoɓi a bayyane, ba ta san kaftani ba. A makonnin farko an yi ta surutu a Amurka cewa ba ta gane baƙar fata. Da mujallar Consumer Reports ta gwada, sai ta ce matsalar ta ƙarancin haske ce, kuma ta shafi gane fuska ne wanda ke amfani da kyamarar launi, bin motsin jiki kuwa da infirared ake yi. Sannan akwai jinkiri. Kafin na'ura ta ɗauki hoto, ta ware gaɓoɓi, ta yanke hukunci, talabijin ya nuna, an ci wani ɓangare na daƙiƙa. A hira ba komai ba ne, a bugun fanareti kuwa jiki yana jinsa.

Ƙafa 12 da 12

Sharaɗin Kinect shi ne fili. Microsoft ya ce mutum ɗaya ya tsaya aƙalla ƙafa 6 daga na'urar, mutum biyu ƙafa 8, kuma kada komai ya shiga tsakani. To mu auna ɗakin da yawancinmu muke haya a Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Ijora. In ka yi sa'a ƙafa 12 ne da 12. Gado ya ci 6. Teburin talabijin ya ci ɗaya da rabi. Saura huɗu da rabi, kuma a cikinsu akwai firji, akwatuna, robar ruwa da tabarmar yara. Ko da za a ba ka na'urar kyauta, ɗakinka ya riga ya ƙi ta. Wii da Move ba su kai haka ciwo ba, amma su ma suna son wurin da hannu zai yi lilo bai daki bango ko goshin ƙani ba. Ga kuma fankar sama, wadda masu tsara wasan a Kyoto ba su sa ta a lissafi ba. A falon yayana doka ta farko ita ce a kashe fanka kafin a fara tanis, tun ranar da wani yaro ya ɗaga hannu zai yi sabis aka ji ƙas. Kashe fanka a zafin Legas kuma wani hukunci ne na daban.

Wannan lissafin ne ya hana irin waɗannan wasanni shiga gidajen gem, inda mafi yawan samarinmu suka fara riƙe hannun gem. Mai shago ya jera talabijin biyar a bango ɗaya, ya sa benci, kowane talabijin mutum biyu ne a zaune kafaɗa da kafaɗa, ana biya wasa-wasa. In ya ware wa Kinect wuri, ya kashe talabijin biyu ko uku ke nan domin kwastoma biyu. Kuma samarin ba su nema ba. Abin da ke kai su can shi ne FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, da PES wanda ya koma eFootball, inda wanda ya shekara yana koyo zai lallasa sabon shiga kowane lokaci, a yi masa dariya, ya dawo gobe neman fansa. Wasan da 'yar shekara 9 za ta iya cinye ka a ranarta ta farko ba ya tara irin wannan jama'a. Sauƙin da ya shigar da Wii gidaje miliyan 100 shi ne kuma ya sa aka yi saurin gajiya da ita: a sha daɗi mako uku, a fito da ita in an yi baƙi, daga nan ƙura ta rufe.

Kasuwar duniya ma haka ta nuna. Wii U da ta gaji Wii a 2012 ba ta kai miliyan 14 ba, mutanen da Iwata ya jawo sun koma wasa a waya. Microsoft ya yi kasada a 2013, ya tilasta wa duk mai sayen Xbox One ya haɗa da sabuwar Kinect a kan dala 499, alhali PlayStation 4 na dala 399. Bai cika shekara ba ya raba su, a 2017 ya daina ƙera ta. Fasahar dai ba ta mutu ba. Apple ya saye PrimeSense a 2013, kuma ɗigogin nan ne, an ƙanƙantar da su, suke duba fuskar mai iPhone kafin ta buɗe tun daga 2017.

Maganar motsa jiki, wadda ita ce hujjar da ake kawo wa iyaye in ana son su saya, tana bukatar a yi ta da adalci. A ƙarshen 2007 mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta buga wani ɗan bincike da aka yi a Liverpool kan yara 11 'yan shekara 13 zuwa 15. An samu cewa Wii Sports ya fi gem ɗin zaune cin kuzari, amma bai kama ƙafar wasan gaske ba, kuma bai isa ya biya abin da ake so yaro ya yi a rana ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa yaro ya samu minti 60 kullum, babba kuma aƙalla minti 150 a mako. Yaron da ke da filin makaranta ko layin da ake buga ƙwallo, barinsa ya fita ya fi. Amma ba kowa ke da wannan ba. Ina tunanin matar aure a bene hawa na uku wadda likita ya ce ta riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga, ga titin unguwa babu gefen masu tafiya, ga kwata, ga babura, ga kuma kunyar a gan ta tana atisaye a waje. Wurin irinta, minti 20 na zufa a bayan ƙofa tare da 'ya'yanta ba abin rainawa ba ne.

Ga mai wannan niyya, abin da ya fi gaskiya shi ne Ring Fit Adventure da Nintendo ya fitar don Switch, na'urarsa da ta gaji Wii U, a Oktoban 2019. Zobe ne mai tauri kamar sitiyari, sai ka matse shi ko ka ja shi da ƙarfi kafin ya lissafa, ana kuma ɗaura rabin hannun gem ɗin a cinya don a ƙirga gudu da tsuguno. A nan dabarar Amarya ba ta ci, domin akwai abin da ke tura hannunka baya. Har da tsarin da ke musanya gudu da ɗan lanƙwasa gwiwa don kada a dami na ƙasa, abin da duk mai zaman bene a Legas zai yaba. Da korona ta zo a 2020, shekarar da aka kulle Legas daga 30 ga Maris, zoben ya yi wuyar samu a kasuwannin duniya. Nintendo Switch Sports ya biyo baya a Afrilun 2022, da tanis, badminton, ƙwallon raga, takobi, wasan kwalabe, da ƙwallon ƙafa wadda ake iya buga wa da ƙafar gaske in an ɗaura madauri a cinya. Daga baya aka ƙara golf da ƙwallon kwando. Ba kyamara, ba sandar fitilu, an koma ma'aunin fizga da na juyi, wato an haƙura da ganin mai wasa, an zaɓi abin da zai shiga kowane ɗaki. Dambe ma ba a sa shi a ciki ba.

Wanda zai shiga kasuwar Alaba ko Computer Village neman na'ura ta hannu, akwai abubuwan da ya kamata ya riƙe. Wii da Xbox 360 da aka kwaso daga Amurka na wuta 120 ne, tamu kuwa 230, in aka soka kai tsaye ba tiransifoma sai dai a ji ƙauri. Wii tana kuma da kullen yanki, faifan Turai ba ya tashi a kan ta Amurka, don haka a gwada faifai da na'ura tare kafin a miƙa kuɗi. Ba ta da ramin HDMI, sabon talabijin zai bukaci ɗan mahaɗi, sannan a shiga saitinsa a zaɓi yanayin gem don rage jinkiri. A duba gindin rimot ko an rubuta MotionPlus, a buɗe murfin batir a ga ko ruwan batir bai ci ƙarfen ba. Kyanta shi ne cin wutarta bai kai wat 20 ba, ɗan ƙaramin janareta ko inbata na ɗaukarta da talabijin ba gardama. Switch ba ta da kullen yanki, kuma tana da batir, in an ɗauke wuta wasa bai ɓace ba. Amma a kiyayi Switch Lite in don wannan ake so, ba ta haɗuwa da talabijin kuma hannuwanta ba sa cirewa.

Baffa dai bai sake yarda an haɗa shi dambe ba, ya ce ba ya faɗa da wanda in ya kai masa hannu iska zai tarar. Bayan la'asar yaran suka sa masa wasan kwalabe. Ya tambayi abu ɗaya, ina ake saki, aka nuna masa maɓallin da ke ƙarƙashin yatsa. Ya ja hannu baya a hankali, ya sako shi da ɗan murɗi a wuyan hannu, irin na mai juya wuƙa tsakanin ƙashi da tsoka, ƙwallo ta yi baka ta shiga ta gefe ta zubar da tara. Ya duba Amarya, ya ce a kashe fankar nan gaba ɗaya, a kuma janye teburin.